Sikeli Ba Ya Kallon Fuska

Idan ka tsaya a gaban mutumin da sojoji ke kira Sikeli, ba idonka zai fara dubawa ba. Daga kafaɗa yake farawa, ya gangaro ciki, ya duba cinya, ya ƙare a takalmi, kafin ka gama sallama ya riga ya san nauyinka. Baƙi sukan ɗauka wulaƙanci ne. Ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya biyo shi har gida ya ƙi komawa.

Saje ne a sojan sama, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba. Wurinsa bakin ƙofa. A jirgi mai saukar ungulu matuƙa biyu suna gaba suna fama da maɓallai, shi kuwa yana baya, ɗaure da igiya a ƙugu don kada iska ta yi awon gaba da shi. Shi ke cewa wannan buhu ya shiga, wancan akwati ya jira. Shi ke cewa wane ya hau, wane ya tsaya. Jirgin yana da iyakar abin da zai iya ɗagawa, kuma iyakar ba ɗaya ba ce kullum. Da sanyin safiya ƙarfinsa cike yake, amma da zarar rana ta take sai ya zama rago, abin da ya ɗauka da hantsi ba zai iya shi da azahar ba. Matuƙi zai faɗa wa Sikeli ta na'urar kunne kilo nawa ya rage, shi kuma ya mai da kilo mutane. A bariki akwai ma'auni na gaske. A dajin da suke sauka babu, ba kuma lokacin nema, sai dai ido.

Idon gado ya yi. Mahaifinsa mahauci ne, mutumin da zai ɗaga cinyar sa da hannu ɗaya ya faɗi nauyinta, mai saye ya je ya auna ya dawo yana ƙunƙuni don bai sami abin faɗa ba. Sikeli ya shiga soja ne don ya huta da ƙarnin jini da ƙudaje. Har yau in ya tuna haka yakan yi wata 'yar dariya marar daɗi, domin ba zai iya ƙirga sau nawa ya wanke jini daga daɓen jirgi da bokiti da tsintsiya ba.

A shekararsa ta farko a ƙofa, fuska yake kallo kamar kowa. Za su sauka a wani sansani, mutane su taru, wannan matarsa ba lafiya, wancan an yi masa rasuwa, wancan kuwa ba abin da ya same shi, gajiya ce kawai ta kai masa iya wuya. Ƙarar farfela ba ta barin a ji maganar kowa, don haka da ido suke roƙo. Ya ɗauki wanda zai ɗauka, sauran idanun su biyo shi har kan tabarmar cin abinci. Ya fara ramewa, ya fara faɗa da mutane ba dalili. Tsohon sajen da ke koya masa aiki ya lura, wata rana ya ja shi bayan rumfar jirage.

"Kai yaro, me kake nema a fuskar mutane?" ya tambaye shi. "Fuska ba ta da kilo. Daga wuya zuwa ƙasa za ka duba, ka nuna da yatsa, ka rufe ƙofa. In ba haka ba wata rana za ka ɗauki mutum ɗaya don tausayi, ka kashe goma sha wani abu."

Sikeli ya ji, ya kuma riƙe. Shekara ashirin da 'yan kai yana kan haka, jirginsa bai taɓa kasa tashi saboda nauyi ba. Matuƙa suna son tafiya da shi. Abin da aikin ya ci masa kuwa ba wanda ya taɓa aunawa. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana shirin bin sa. Gwiwoyi suna ƙara in zai tashi, baya ya ƙi katifa, sai a ƙasa yake kwana. A gida in zai wuce ƙarƙashin fanka sai ya duƙa ya dafe hula, jikokinsa su yi ta kwaikwayonsa suna faɗuwa don dariya. Matarsa ta daɗe da daina yi masa magana a hankali, har maƙwabta suka san duk abin da ya ƙare a ɗakin girkinsu. In ransa ya yi daɗi takan ce masa Baban Auta, in ta ji haushi kuwa Saje yake komawa.

Shekara ɗaya ta rage masa ya ajiye aiki. Burinsa ba mai tsawo ba ne, kiwon kaji yake so. Ya ce su ma tsuntsaye ne, amma sun yi hankali sun haƙura da tashi.

'Ya'yansa huɗu, uku sun watse garuruwa. Auta ce ta zauna kusa, kuma ita ce ta fi kowa sanin aikinsa, domin tun tana ƙarama take tare shi a ƙofa da tambaya, yau mutum nawa, me ya sa aka bar wasu, rana ce ko kaya ne. Da ta tashi aure sai ta kawo kofur na sojan ƙasa, ƙato, mai faɗin ƙirji da tumbi, wanda abokansa ke kira Buhu. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa Sikeli ya dube shi daga kafaɗa zuwa takalmi, ya juya wurin 'yarsa.

"Auta, miji ɗaya aka ce ki kawo. Wannan ai biyu ne."

Buhu ya sunkuyar da kai yana murmushi, wushiryarsa ta bayyana, manyan kunnuwansa kamar za su motsa don kunya. Haka ya zauna har bayan aure. Mutum ne mai surutu da ci a ko'ina, amma da ya ga surukinsa sai ya ƙame kamar ana fareti. Ko ruwa ba ya iya roƙo a gabansa. Sikeli yana son yaron ƙwarai, sai dai bai san yadda ake faɗa ba, don haka duk zuwan da zai yi sai ya ce ai ga shi ya ƙara kilo biyu, a rage masa abinci.

Cikin Auta yana ƙarami aka tura su Buhu wani sansani a kan tudu, can cikin daji. Ba a jima ba hanyar mota ta zama ba ta biyuwa, waya kuma ba ta shiga wurin. Abinci, magani, mutum, komai ta sama yake zuwa, ta sama yake fita. Auta ta tattara ta dawo gidan iyayenta a bariki, ɗaki biyu da falo, ta kwana da mahaifiyarta. Watanni suka yi ta wucewa, labari sai ɗan abin da mai rediyo ya tsinto: yana lafiya, yana gaisuwa. Da ciki ya tsufa likita ya ce ɗan da ke cikin bai kwanta daidai ba, aiki za a yi mata a makon da ke tafe. Auta ba matsoraciya ba ce, amma wannan karon ta tsorata, kuma ta faɗa. Aka nema wa Buhu hutu aka samu. Abin da ya rage shi ne ya fito, kuma jirgin da aka sa zai kai abinci tudun shi ne na Sikeli.

Da safen ranar tafiyar Auta ta riga kowa tashi. Ta cika masa gorar ruwa, ta ɗauko masa takalmi, ta tsaya dafe da bayanta tana kallonsa yana ɗaure igiya.

"Baba, yau can za ku, ko?"

"Can ne."

"Ka taho min da shi."

"In da wuri."

"Baba, kai ne fa ƙofar."

"Ni ne ƙofa, amma ba ni ne jirgin ba."

Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki da ludayi a hannu. "Haba Saje! Yau ɗaya dai ka bar yarinya ta ji daɗi. Kullum sai ka yi wa mutane lissafi?"

Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Ya ce, "To. In Allah ya yarda zan taho da shi." Bai saba yin alkawari a kan jirgi ba, amma lissafin ranar mai sauƙi ne. Da sassafe za su tashi, su sauke buhuna, su dawo wayam, ko Buhu uku ne za su shiga.

Sai dai duk wanda ya yi soja ya san rabin aikin jira ne. Tankar mai ba ta zo ba. Da ta zo, aka ce a jira wani akwatin magani. Da akwatin ya zo, aka ce a jira umarni daga sama. Suka zauna a inuwar rumfa, matuƙa suna danna waya, Sikeli yana kallon inuwar jirgi tana gajarcewa a kan kwalta. Duk taƙin da inuwar ta ja, ya san mutum guda ne ya sauka daga jirgin. Rana ta kusa tsakiya kafin su tashi.

Suna cikin tafiya muryar Kyaftin, babban matuƙin, ta shigo kunnensa. An kira daga tudun. 'Yan sintiri sun taka nakiya da hantsi, mutum uku suna kwance, ɗaya ba a tabbatar zai kai yamma ba. Za a ɗauko su tare da mai jinyarsu da kayansa.

Sikeli ya ce, "Na ji, yallaɓai." Ya jingina kansa da ƙarfen ƙofa. Ƙasa tana wucewa a ƙarƙashinsa, gonakin da aka gudu aka bari, ƙauyuka ba hayaƙi, rafi ya bushe. Ya ga wannan har ya gaji da gani. Hular kwano ta matse masa kai, gumi yana bin bayansa, kujerar tana kaɗa masa ƙashi kamar yadda ta saba.

A irin wannan wuri ba a kashe inji. Jirgi ya dira, farfela tana juyawa, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin abin da ya wuce taku kaɗan. Sojojin tudun duk sun naɗe hanci da baki da ƙyalle, sun ja hula har gira. Aka yi ta jefa buhuna ƙasa. Aka shigo da masu rauni ɗaya bayan ɗaya a kan gadon ɗauka, na ƙarshen ƙafarsa naɗe da riga da ta riga ta jiƙe. Mai jinya ya hau da jakunkunansa. Sikeli ya ɗaure gadajen, ya ja igiyoyin ya tabbatar.

"Saje," in ji Kyaftin. "Zafin nan ya cinye mu, kuma tudu ne. Mutum ɗaya ya rage maka, shi ma marar nauyi. Kada ka wuce sittin. Yi sauri."

Sittin. Buhu ya haura ɗari tun ranar ɗaurin aurensa.

Masu hutu suna tsugune a jere a gefen fili, su bakwai ko takwas. Dokar ita ce ba mai tashi sai wanda mai ƙofa ya nuna, don farfela ba ta san hutu ba. Ya bi layin da ido yadda ya saba, daga wuya zuwa ƙasa. Yana neman faɗin ƙirjin nan da tumbin nan, ko da zai ɗaga masa hannu ne ya nuna masa ba wuri. Bai gan shi ba. Duk layin ba mai jiki, kaki ya yi wa kowa yawa. Ya ce a ransa wataƙila yana gadi, ko yana cikin waɗanda suka koma neman sauran nakiya. Har ya ji wani ɗan sauƙi na rashin kunya, cewa Allah ya hutar da shi hana surukinsa ido da ido.

A gaban layin akwai ramammu biyu kafaɗa da kafaɗa, kowannensu bai kai sittin ba. Na dama ya ɗan fi kusa. Ya nuna shi. Na hagun ya ɗan ɗago kamar zai miƙe, sai ya koma ya tsuguna. Wanda aka nuna ya sheƙo a duƙe, Sikeli ya fizgo shi ciki, ya ɗaure shi, ya miƙa masa robar ƙarin ruwan wani mai rauni ya riƙe.

"An gama, yallaɓai."

Jirgin ya yi nishi, ya ɗaga da ƙyar. Aikin mai ƙofa a wannan lokaci shi ne ya leƙa waje ya duba wutsiya, kada ta taɓa itace ko waya. Ya leƙa. Ƙura ta fara lafawa a ƙasa. Ramammen nan na hagu ya miƙe tsaye, ya janye ƙyallen fuskarsa, ya ƙame, ya sara wa jirgin. Kumatun sun zube, wuyan ya zama siriri, amma kunnuwan suna nan, kuma yana murmushi, wushiryar a fili.

Sikeli ya danna maɓallin magana. "Yallaɓai."

"Mene ne, Saje?"

Mai raunin ƙafa ya yi wani gurnani. Mai jinya yana durƙushe a kansa, hannayensa biyu a danne. Wanda aka ɗauko yana riƙe da robar ruwa sama da kansa, idonsa a rufe, bakinsa yana motsi. In za a koma, sai a sake dira a cikin zafin nan, a kwance wannan a ce masa sauka, ba laifin da ka yi, surukina ne ya fi ka.

"Saje, ina jin ka."

"Wutsiya lafiya, yallaɓai. Mu tafi."

Da suka sauka a bariki motar asibiti tana jira. Aka kwashe masu rauni, duka ukun da ransu. Inji ya mutu, shirun da ke biyo baya ya sauko, wanda kullum yake sa kunnensa ya yi ta ƙugi. Sojan da ya ɗauko ya zo ya sara masa, yana godiya kamar zai yi kuka, ya ce mahaifiyarsa ce a kwance.

"Wanda ke kusa da kai a layi," in ji Sikeli. "Me ya same shi?"

"Kofur Buhu? Zazzaɓi ne da ciwon ciki, Saje, ya daɗe yana fama. Ga abinci ya yi ƙaranci, shi kuma sai ya riƙa raba nasa da yara sababbin zuwa. Ai duk mun ɗauka shi za ka nuna. Mun ce masa ya cire ƙyallen ya ɗaga hannu, ya ƙi. Ya ce ba a yi wa Baba haka a bakin aiki, ai Baba zai gan shi."

Sikeli ya ce masa ya tafi, Allah ya ba mahaifiyarsa lafiya. Ya ɗebo ruwa ya wanke daɓen jirgi. Ya je wurin Kyaftin ya tambayi yaushe za a koma tudun. Kyaftin mutumin kirki ne, ya buga waya a gabansa har sau biyu. Jirginsu zai shiga gyara, lokacinsa ya yi, ɗayan kuma an tura shi wani yanki. Tudun ya sami abincinsa, ba za a waiwaye shi ba sai wani watan.

Daga rumfar jirage zuwa gida ba nisa, amma ranar ya daɗe a hanya. La'asar ta yi sanyi, yara suna ƙwallo a filin fareti, mata suna kwashe shanya. Mutane suna gaishe shi yana ɗaga hannu. Gajiyar da ke jikinsa ba irin wadda barci ke magani ba ce.

Auta tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta sa atamfar da ta daɗe ba ta sa ba. Ƙamshin girki yana fitowa daga ciki, irin girkin da ake yi wa mai ci da yawa. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta daɗe tana duban hanyar. Sannan ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa."

"Ba wuri, ko? Ai na sani. Ina nan zaune na ji tashinku, na dubi rana na ce wa Mama shi ke nan, wannan ƙaton nawa ba zai shiga ba. Kada ka damu, Baba, ba laifinka ba ne. Shi ya ja wa kansa da cin tsiya."

Ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. Mahaifiyarta ta fito ta tsaya a bayanta tana goge hannu da zane. Sikeli ya zauna a kan dakali ya fara kwance igiyar takalmi. Yarinyar ta shimfiɗa masa hanya, abin da ya rage kawai ya ce haka ne. Ba wanda zai ƙaryata shi sai nan da wata guda.

"Amma ka gan shi dai?"

"Na gan shi."

"Yana nan yadda yake?"

Yatsunsa suka tsaya a kan igiyar. "Ya rame, Auta."

"Ya rame? Shi ɗin?" Ta goge ido. "Sosai?"

"Sosai."

Ta tsura masa ido. 'Yarsa ce, a bakin wannan ƙofar ta koyi tambaya.

"Kamar nawa, Baba?"

"Bai kai sittin ba."

"Wurin nawa ya rage muku?"

Ya zare takalmin ya ajiye a gefe. Matarsa ta ce, "Baban Auta," a hankali, yadda ba ta yi masa magana ba shekara da shekaru, kuma ya ji ta. Auta ta dafa cikinta da hannu biyu, ta matso bakin kujera.

"Baba, yana wurin? Yana gabanka ba ka gane shi ba?"

Ya ɗago kai ya dubi fuskarta.

"Ban duba ba," ya ce.